Awon Litinin da Alhamis

Tun ranar da na'urar awon suga ta shigo gidan, Inna Turai ta warke, in dai bakin ɗanta za a bi. A jikinta kuwa ciwo gaba yake yi kullum.

'Yar ƙaramar aba ce na'urar, ba ta cika tafin hannu ba. Sadiƙ, autan Inna da ke aiki a Gusau, shi ya aiko da ita garinsu Dakko bayan an kwantar da tsohuwar a asibitin Mafara an ce ciwon suga ne. Balarabe, ɗanta na fari wanda take zaune a gidansa, shi ya karɓa. Ya koyi soka allura a yatsa da ɗiga jini a kan ɗan tsinken awo, ya kuma ba na'urar mazauni a aljihunsa, kusa da waya. Ranar sallama likita ta ce a rage wa Inna tuwo da fura mai suga, ta riƙa shan ƙwaya kullum, sannan duk wata uku a dawo da ita ranar Laraba, ranar da ake ganin masu suga, a yi mata babban awo. Balarabe ya ce to, to, in sha Allahu. Damina ta wuce, kaka ta shigo, ba a koma ba.

Da farko kam ya yi awon tsakani da Allah. Wata safiya bayan Inna ta sha kunu ya auna ta, lamba ta haura ɗari uku, ya ɗauki hoto ya tura zauren wasaf na 'yan gida. Kafin ya mayar da wayar aljihu Sadiƙ ya kira, ya ce zai zo ya ɗauke Inna ta koma Gusau kusa da asibiti. Ran Balarabe ya ɓaci ƙwarai. Shi babba, a ce ƙanensa ya zo har gida ya ɗauke masa uwa, garin Dakko ya ce ya kasa? Akwai kuma fadamar Inna da yake noman shinkafa a ciki, wadda ba wanda zai tayar da maganarta muddin tsohuwar tana ƙarƙashin rufinsa. Wannan bai taɓa faɗa da baki ba, amma kowa a gidan ya sani.

Sai wata Alhamis da la'asar sakaliya ya sake aunawa. Inna na azumi, don tun kafin rasuwar mijinta ba ta barin Litinin da Alhamis. Rabonta da abinci tun ɗan kunun sahur. Lamba ta fito 'yar kyakkyawa, ɗari da 'yan kai. Balarabe ya kalli na'urar, ya kalli uwarsa, ya sake kallon na'urar. Ba wawa ba ne shi. Daga ranar awo ya koma Litinin da Alhamis, gab da shan ruwa. Ƙwayar da aka ce a sha kullum ita ma ta koma ta sahur ɗin waɗannan ranakun, wai don ta yi auki.

Haka abin ya zama al'ada. Zai shigo tsakar gida da sallama, ƙafafunsa duk laka, ya durƙusa gaban tabarmarta da ladabi irin wanda ake nuna wa yara a ce su yi koyi.

"Inna, barka da ibada. Ya jiki?"

"Lahiya lau."

"Kawo hannu mu gani."

Ta miƙa yatsa. Ya soka, ya matsa, na'ura ta yi ɗan kukanta.

"Alhamdu lillahi! Kin gani ko, Inna? Ko ni anka auna ba ni kai haka ba."

Ya ɗauki hoto ya tura. Nan da nan saƙonni su fara shigowa, wannan ya ce Allah ya saka wa Yaya da alheri, waccan ta ce Allah ya ba mu masu yi mana haka. Wani lokaci Sadiƙ ya kira, a kara mata wayar a kunne.

"Inna, ya jikin naki? Na ga awo ya yi kyau."

"Lahiya lau, auta. Yayanku na ƙoƙari."

Me za ta ce? Balarabe na tsaye a kanta yana murmushi. Ko ba ya nan ma, bakinta ba zai iya kai ƙararsa ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kuka da shi ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce yayanku, in da shi take sai ta ce kai. Kunyar ta kai har ranar da aka haife shi, wadda ya ci sunanta, ba ta ambata. A bakin Inna mako kwana shida ne masu suna, ɗayan kuwa washegarin kasuwa, don Talata ake cin kasuwar Mafara. Mata sun sha tsokanarta a kan haka a gidan biki, tana rufe baki da gyale tana dariya.

Yanzu abin ya daina ba ta dariya, don ranar asibitin ita ce ranar da ba ta iya faɗa.

Ƙishirwa ta fara zama mata abokiyar zama. Ta sha kwano guda ta ji kamar ba ta sha ba. Buta ba ta hutawa, hanyar makewayi ta fi kowace hanya saninta. Zanenta ya fara yi mata yawa. In ta zauna tsintar shinkafa sai ta ga tsakuwa da ƙwaya sun zama ɗaya, ta murza ido ta sake dubawa, hazo ne dai. Tafin ƙafarta kuma wani lokaci zafi kamar an barbaɗa barkono, wani lokaci shiru kamar ba nata ba. Abinci kuwa abin da gida ya ci shi take ci: kunu da suga da safe, fura da rana, tuwon shinkafa da daddare. Hidaya, matar Balarabe, ta taɓa cewa a sayo wake da ganye a riƙa yi wa Inna nata daban. Ya ce tukunya biyu a gida ɗaya raba kan iyali ne, kuma ai awo ya nuna ba komai.

Wata rana Inna ta yi ta maza. Ya zo wucewa zai fita, ta ce, "Kai. Ashe ba cewa sunka yi a koma ba?"

"A koma ina, Inna?"

"Wajen likita. Washegarin kasuwa."

Ya yi 'yar dariya. "Wace kasuwa? Kasuwanni da yawa, Inna. Akwai ta Bakura, akwai ta Maradun. Hwaɗi ranar in ji."

Ta sunkuyar da kai. Ya san ranar sarai, ya kuma san ba za ta faɗa ba. Wannan dariya ta fi allurar yi mata zafi.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji shi, murya a tausashe. "Abin da za su yi miki can shi na nika yi miki nan. Jini na, awo na. Ga hanya ba lahiya, ga shinkahwa ta nuna, tsuntsaye na ta ɓarna. Mu tashi mu wuni bisa benci don a hwaɗa muna abin da munka sani?"

Ta yi ta juya abin a ranta kwana da kwanaki. Ba ta yi boko ba, amma ta san jikinta. Ta lura ranar da ta ci tuwo ta ƙoshi ita ce ranar da ƙishirwa ke neman kashe ta, kuma ba a taɓa auna ta a irin wannan ranar ba. Sai ta yanke shawarar abin da ba ta taɓa yi ba. Wata Litinin ta ƙi tashi sahur. Da hantsi ta sha kunu, da rana ta dama fura ta sha, tana sha tana neman gafarar Allah. Ta ce a ranta yau dai na'urar nan za ta faɗi gaskiya, tunda ita ba ta da ɗan fari.

Da la'asar ya shigo, ya durƙusa, ya zaro na'ura. Idonsa ya faɗa kan ƙwaryar fura a gefen tabarma, ludayi a ciki.

"Inna, yau ba ki azumi?"

"Ban samu yi ba."

A hankali ya mayar da na'urar aljihu.

"To a bari sai Alhamis. In an ci abinci awo ba ya yin daidai, ɓarnar tsinke ta kawai." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Amma na yi mamaki, Inna. Azumin da ko Baba na kwance ba ki bari ba."

A nan Inna ta gane inda take. In ta yi azumi, na'ura ta ce lafiyarta ƙalau. In ta ci abinci, na'ura ba ta fitowa daga aljihu. Kowace ƙofa ta nufa, shi ne tsaye a bakinta da ladabinsa. Ranar Alhamis ta tashi ta yi sahur, ta haɗiye ƙwaya, da yamma ta miƙa yatsa. Ta rasa azumin Litinin a banza, abin ya daɗe yana cin ranta.

Ƙafar kuwa a bakin murhu ta samu. Inna na tsaye tana taya Hidaya juya gyaɗa a kasko, sai Hidaya ta ɗaga hanci ta ce tana jin ƙauri. Suka duba ko zane ne ya kama. Ashe garwashi ne ya gangaro, Inna ta taka shi da ƙafar hagu, tana tsaye a kansa ba ta sani ba. Hidaya ta saki kuka ta ture ta. Inna ta zauna ta juyo tafin ƙafar tana kallo, fata ta ƙone ta yi fari, ita kuwa ko ɗis ba ta ji ba. Rashin zafin ne ya tsorata ta.

Balarabe ya duba ya ce ƙuna ce kawai, kowa na ƙonewa. Ya kawo zuma aka shafa, aka ɗaure da tsumma. Mako ya zagayo, ciwon bai kame ba. Aka koma man shanu, aka koma garin wani ganye da abokinsa ya ba shi. Ciwon ya buɗe baki, ya fara ruwa, gefensa ya yi baƙi. Inna ta daina zuwa gaisuwar maƙwabta, ta daina tsayuwa a salla, daga baya ko makewayi sai Hidaya ta riƙe ta. Ɗakinta ya fara wari, jikoki suka daina shigowa neman ƙuli-ƙuli.

Hidaya ta same shi a zaure. "Don Allah a kai Inna asibiti. Ƙahwar nan ba ta yi mini kyau ba."

"Ke likita ta? In da suga na, da awo ya nuna. Jiya-jiyan nan nig gwada ta."

"To a hwaɗa ma su Sadiƙ."

"Ki kuskura. Ranar da kika kai maganar gidana waje, ki bi ta ki tahi."

Hidaya ta dawo ta wanke tsumma ta shanya. Ba muguwa ba ce, tsoro ne da ita, kuma 'ya'yanta huɗu a gidan. Hotuna dai ba su fasa tafiya ba, Litinin da Alhamis, ana ta sa wa Yaya albarka. A hoton ba abin da ke fitowa sai na'ura da gefen tabarma.

Mufida ce ta fasa ƙwan, ita ma ba da niyya ba. 'Yar Inna ce ta tsakiya, tana aure a Maradun, ta zo Dakko sunan wata 'yar ƙawarta ta biyo gida da tsarabar ƙosai da alewa, tunda an ce Inna ta warke. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Ta ajiye leda, ta durƙusa, ta gaishe da uwarta.

"Lahiya lau," in ji Inna, tana jan zane tana rufe ƙafar.

Mufida ta ɗaga zanen. Ta kwance tsumman. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, kumburi ya haura idon sawu. Ta yi salati da ƙarfi har Balarabe ya shigo da gudu.

"Yaya, mi na wannan? Mi na wannan nika gani?"

"Ke, rage murya. Ƙuna ta, ana magani."

"Ƙuna? Ƙahwar Inna na ruɓewa kana aiko muna hoto?"

"Hoton ƙarya na? Ni nir rubuta lambar da hannuna? Ga ta nan, tambaye ta, ta taɓa ce maku ba ta da lahiya?"

Duka suka juyo suna kallon Inna. Ta kalli bango. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ta taɓa cewa ba, kuma da wannan gaskiyar ya ɗaure ta.

Mufida ba ta koma Maradun ba. Ta kira mijinta ta nemi izini, ta kira Sadiƙ, aka samo mota. Balarabe ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya sa babbar riga ya shige gaba, don kada a ce ba shi ya kai uwarsa asibiti ba. Aka yi dace ranar Laraba ce.

Likitar ta daɗe tana duba ƙafar. Ta sa aka ɗebi jini a hannu aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya dawo ta tara su, ta ce sugan Inna ya daɗe a sama sosai, ba yau ba, ba jiya ba.

Balarabe ya zaro waya. "Likita, da dai an sake dubawa. Ni da kaina nika auna ta, sau biyu duk mako. Ga su nan, ko ɗaya bai hau ba."

Ta karɓa ta yi ta turawa da yatsa. "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Amma ita labarin lokacin da aka soka allurar kaɗai ta sani. Wannan da muka yi yanzu, shi yana faɗin yadda jini ya kwana ya tashi wajen wata uku, da ranar da aka auna da ranar da ba a auna ba. Shi ya sa muka ce a dawo." Ta sake duban wayar. "Dukkansu da yamma ne. Wace rana kake auna ta?"

"Duk ranar da ta samu."

"Litinin da Alhamis," in ji Mufida a hankali, tana kallon tata wayar. Sai ta ɗago. "Ranakun azumin Inna."

Likitar ta mayar masa da wayarsa, ta juya wajen Inna ta tambaye ta ko tana shan ƙwaya kullum. Inna ta ce ana ƙoƙari. Likitar ba ta matsa ba, da alama ta saba jin irin wannan amsa. Ta ce za a kwantar da ita a sauko da sugan da allura, amma ƙafar ta riga ta wuce magani. Za a yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini ya tafi da ita gaba ɗaya.

A baranda Balarabe ya yi ta bayani ga duk wanda ya tsaya. Ƙaddara ce. Shi ba likita ba ne. Na'urar ma ba shi ya saya ba, a tambayi wanda ya aiko da ita. Wa ya ciyar da Inna duk shekarun nan? Su da ke nesa sun iya magana. Inna na kwance tana jin muryarsa ta taga, tana tuna ranar da ta goya shi ta taka da shi har Bakura a ƙasa, yana zazzaɓi, da wannan ƙafar.

Aka sa aikin washegari, Alhamis, da yamma. Tun safe aka ce kada ta ci kada ta sha. Sadiƙ na hanya. 'Yan uwa sun cika zauren wasaf da tambaya, wasu sun fara faɗin maganganun da ba su yi wa Balarabe daɗi ba.

Bayan la'asar ya shigo ɗakin da sallama. Mufida na zaune a bakin gado, mata masu jinya na kan tabarmi a tsakanin gadaje. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya zaro na'ura, ya zaro waya ya ajiye kusa.

"Inna, kawo hannu. In gwada sau ɗaya in tura masu, su ga ba ni da laihi."

Inna ta kalli na'urar. An yi mata allurai tun jiya, cikinta ba komai tun safe. Ta san abin da za ta nuna, shi ma ya sani. Ta janye hannunta ta sa a ƙarƙashin zane.

"Balarabe."

Mufida ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya ɗago a firgice, kamar wanda aka kira daga bayansa. Shekara arba'in da wani abu yana duniya bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba.

"Balarabe," ta sake cewa, a fili, har matan da ke tabarmi suka juyo. "Laraba sunka ce a dawo da ni. Laraba. Ka ji na hwaɗa. Mai da abin nan aljihunka, yau ma ban ci komi ba, abin da kaka so shi za ta ba ka."

Ta kama gefen zanen da hannu ɗaya ta yaye shi daga kan ƙafar.

"In hoto za ka tura masu, ga ta nan. Ɗauka tun tana jikina."